Fihirisar Ta-Ƙasa

Yayata ba ta iya ganin jini. Tun muna yara, idan Inna ta yanke da wuƙa wajen girki, ni ce mai kawo tsumma, ita kuwa sai a same ta a bakin ƙofa ta dafe bango. Duk da haka ita ta fara shiga makarantar jinya, shekara huɗu kafin ni. A mako na shida aka kai su ganin yadda ake ɗinke rauni, ta yanke jiki ta faɗi ta fasa haɓa, aka ɗinke ta a kan gadon da ta je kallo. Ta dawo gida da akwatinta ta ce wa Inna, "Wannan ba hanyata ba ce."

"To wace ce hanyar taki?" in ji Inna.

"Zan same ta."

Haka take magana har yau, ba ɗaga murya, ba inda-inda.

Ta koyi buga rubutu a kwamfuta, ta sami aiki a ɗakin gwaje-gwaje na babban asibiti. Su shida ne, aikinsu kwafe sakamakon gwaji daga takarda zuwa kwamfuta. Inna ta ce jinin da ta guda ne ya biyo ta, sai dai ya yi mata kara ya zo a lamba. Da na gama tawa makarantar, ni ma asibitin aka kai ni, ɓangaren masu ciwon zuciya, a hawa na biyu.

Shekararta tara a wannan aiki aka kawo sababbin injinan gwaji masu rubuta sakamakonsu da kansu. Aka rarraba abokan aikinta biyar zuwa wasu ofisoshi, ita aka bar ta gadin babbar kwamfutar da injinan ke zuba wa bayanai. Ɗakin yana ƙarƙashin matakala: tebur ɗaya, kujera biyu, fanka mai kuka, da wata 'yar taga da ba a ganin komai ta cikinta sai ƙafafun masu wucewa. Duk wanda ke neman tsohon sakamako sai a ce masa, "Je ka ga ta ƙasa." Da haka sunan ya bi ta. Har likitocin da suka girme ta Ta-Ƙasa suke ce mata, tana amsawa.

A ɗakin nake shan shayina idan na sami hutun rana. Wata rana ta juyo mini da fuskar kwamfutar ta ce, "Zo ki ga surutun injin nan."

Na duba, na ga rubutu ya cika allo, rabinsa alamomi.

"Ba ya rubuta abu sai ya sa masa alama gaba da baya," in ji ta. "Ya buɗe 'majinyaci'. A ciki ya buɗe 'suna', ya rubuta sunan, ya rufe 'suna'. Ya buɗe 'gwaji', a ciki akwai irin gwajin, da sakamako, da lokaci, da lambar sinadarin da aka yi aiki da shi, kowanne da nasa buɗewa da rufewa. Akwati cikin akwati. XML ake ce wa tsarin. Yana da kyau, don ko wane inji ya ɗauka zai gane. Amma alamun sun fi maganar yawa."

Saboda wannan yawan, duk ƙarshen wata sai a matse bayanan watan su zama ƙunshi ɗaya ƙarami, kamar yadda ake danne tufafi a jaka a ja zik. Wuri ya samu, amma idan ana neman abu ɗaya sai an zazzage jakar duka. Kwance wata guda yana cin minti arba'in, kuma kwamfutar ba ta da filin da za a kwance wata biyu a lokaci ɗaya. Sai ta kwance, ta duba, ta goge, ta ɗauko na gaba. Kalmar da ta fi fita daga bakin Yaya a shekarun nan ita ce, "A dawo gobe."

Abin bai dame ta sosai ba sai ranar da wata dattijuwa mai ciwon ƙoda ta zo daga nesa. Likitan ƙoda yana so ya ga sakamakonta na shekara biyu a jere kafin ya sauya mata magani. Wata ashirin da huɗu ke nan. Matar ta zauna a benci a ƙofar Yaya tun ƙarfe tara, ta ɗora jakarta a cinya. Ƙarfe uku ta miƙe, ta leƙo.

"'Yata, motar ƙarshe za ta bar ni. Kin samu?"

"Na sami wata takwas, Baba. Saura sha shida."

"To Allah ya ba ki sa'a. Ni dai ban san ranar da zan iya dawowa ba."

Da yamma muna tafiya tasha Yaya ta ce mini, "Amsar tana cikin ɗakin, ina zaune kusa da ita, matar nan ta tafi hannu rabbana. Wannan ba ajiya ba ce, binnewa ce." Asabar ta gaba ta je kwalejin fasaha ta rubuta sunanta a ajin masu koyon rubuta manhaja.

Lokacin tana da shekara talatin da bakwai da 'ya'ya uku. Mijinta malamin lissafi ne a sakandare, duk gidan Malam muke ce masa. Shi ya sha tambayoyi. Yakan ce mini, "Ƙanwa, yayarki ɗaliba ce da ba a isa a kora daga aji ba. In na ce an tashi, sai ta ce ai a gidan take kwana." Teburin cin abincinsu ya koma wurin zane-zane, bishiyoyi masu rassa da lambobi, har a bayan takardun jarrabawar ɗalibansa.

Bayan shekara ɗaya da rabi ta yi gwajin farko. Ta ce littafi mai kauri ba a karanta shi duka don neman layi ɗaya, fihirisa ake dubawa a ga shafi. Ta rubuta manhajar da za ta yi wa kowace kalma a cikin ajiyar fihirisa, ta kunna ta ranar Juma'a kafin a tashi. Litinin da safe injinan gwaji suka ƙi ajiye sakamako. Fihirisar ta fi ajiyar girma, ta cinye duk filin da ya rage. Kwalaben jini suka yi layi a kan tebur, masu jiran sakamako suka cika baranda.

Shugaban ɗakin gwaji mutum ne da ba ya minti biyar bai dubi hannunsa ba, shi ya sa muke ce masa Agogo a bayan idonsa. Ya sauko da kansa. Ina wurin, don an aiko ni in ji abin da ya tsayar da sakamakon ɓangarenmu.

"Wa ya ce ki taɓa?" in ji shi.

"Ba wanda ya ce, ranka ya daɗe. Ni na taɓa, kuma ni na yi kuskure. Ba ni minti ashirin in goge."

"Ki goge, kuma kada ki sake."

"Zan goge. Amma zan sake, a kan tsohuwar kwamfutar da ke sito, ba a kan wannan ba. Na san inda na ɓata."

Ya dube ta, ya dubi agogonsa, ya hau sama. An ba ta takardar gargaɗi. Ta ninke ta ta sa a aljihun tebur, ta je sito ta ɗauko tsohuwar kwamfutar a kan keken tura marasa lafiya.

Inda ta ɓata, in ji ta, shi ne ta yi wa komai fihirisa ba ta san abin da ake tambaya ba. Sai ta ɗauki littafi ta shiga ɓangare-ɓangare tana tambayar likitoci da mu ma'aikatan jinya abu ɗaya: idan kun aiko wurina, me kuke nema? Ta yi mako uku tana wannan yawo, tana kawar da kai duk inda ta ga ana ɗibar jini. Ta dawo da abin da kowa ya sani amma ba wanda ya taɓa rubutawa. Kusan duk tambayoyin ba su wuce lambar katin majinyaci, da kwanan wata, da irin gwaji ba.

Wannan karon ta ce za ta raba ƙashi da tsoka. Ƙashin shi ne tsarin akwatunan, wanne ke cikin wanne. Da ta ƙirga, duk miliyoyin sakamakon nan siffa arba'in kacal suke maimaitawa, sai ta ba kowace siffa lamba ta daina ajiye alamun. Tsokar kuwa ta ware ta iri-iri: sunaye wuri ɗaya, kwanakin wata wuri ɗaya, sakamako wuri ɗaya. Abu da ɗan'uwansa sun fi matsuwa, don haka ajiyar ta ƙara ƙanƙancewa fiye da da. Sannan ta yanka kowane iri ƙulli-ƙulli, layi dubu-dubu, ta matse kowane ƙulli shi kaɗai, ta liƙa masa 'yar takarda a waje mai cewa daga ina zuwa ina ne a ciki. Tarin waɗannan 'yan takardu, da jerin lambobin kati da ke nuna ƙullin kowa, su ne fihirisar. Idan tambaya ta zo, kwamfuta ta duba fihirisa, ta kwance ƙulli biyu ko uku, sauran suna nan a matse ba wanda ya taɓa su.

Ni ce zakaran gwajin dafi. Ta ce in faɗi lambar katina. Na faɗa, na kai kofin shayi baki, kafin in sauke sakamakona na shekara shida ya jeru a allo, har da gwaje-gwajen da aka yi mini ina da cikin autata.

"Kin riga kin nemo shi jiya," na ce.

"To faɗi ta wani."

Na faɗi ta Inna. Haka.

Agogo bai yarda ba sai da ya kawo lambobi talatin ya zauna yana duba hannunsa. A ta goma sha biyu ya daina dubawa. Ya ce a mayar da duk ajiyar kan sabon tsarin, amma a bar tsofaffin ƙunsunan a sito, a ci gaba da ƙara na kowane wata, ko da tsautsayi. Yaya ta ce ita ma haka za ta ce. Ba a yi mata wani biki ba. An dai ɗauke bencin ƙofarta aka kai ɗakin karɓar magani, inda ake bukatarsa.

Shekara uku bayan haka, wata Laraba da safe, wasiƙa ta zo daga kamfanin da ke sayar wa asibitin sinadaran gwaji. Wani rukuni na sinadarin gwajin daskarewar jini ya fito da matsala, yana nuna jinin mutum ya fi kauri a kan yadda yake. Mu a ɓangaren zuciya mun san abin da wannan ke nufi. Yawancin majinyatanmu suna shan maganin tsinka jini, kuma da wannan gwajin ake auna musu. In gwaji ya ce jini ya yi kauri, likita ya ƙara magani, mutum yana iya zubar da jini a ciki bai sani ba. Wasiƙar ta ba da lambar rukunin kawai. Ba wanda ya san watannin da aka yi aiki da shi, balle a kan su wa.

Aka kira taro a ofishin Agogo, da babban likitanmu, da ni a madadin ma'aikatan jinya, da Yaya, da injiniyan da ke zuwa daga waje yana duba kwamfutocin asibiti. Injiniyan mutum ne mai sanin aikinsa, bai ɓoye komai ba.

"Lambar sinadari ba ta cikin fihirisar Malama," in ji shi. "Dole a ɗauko tsofaffin ƙunsuna a kwance su ɗaya bayan ɗaya, shekara biyu baya. Yadda aiki ya ninka yanzu, kwana huɗu ne in ba a sami tangarɗa ba."

"Kwana huɗu ya yi yawa," in ji babban likita.

Agogo ya juya wajen Yaya. "Gaskiya ne ba ta ciki?"

"Gaskiya ne. Ba wanda ya taɓa tambayata ita, ban sa ba. Amma lambobin sinadari suna ƙullinsu daban, ba su haɗu da komai ba. Su kaɗai zan kwance, kuma ba su da nauyi, lamba ɗaya ce ke maimaituwa sau dubbai. Duk layin da ya dace, fihirisa za ta kai ni ga mai shi. Ku ba ni awa ɗaya."

Injiniyan ya ce, "In haka aka ajiye su, ta fi ni gaskiya. Zan bi ta in gani."

Ta yi minti hamsin ta hawo da takarda mai suna ɗari uku da arba'in. Agogo ya miƙa hannu, ta ba shi amma ba ta saki gefenta ba.

"A fara kira da waɗannan, amma ba su cika ba."

"Ta yaya kika sani?"

"Jerin ya tsaya cak a rana ɗaya. Ba lambar wannan rukunin kaɗai ba, duk lambobin sinadari na injin sun ɓace daga ranar. Sinadari ba ya ƙarewa haka. Akwai abin da ya sauya."

Ta koma ƙasa ta duba siffofin nan nata. A ranar da jerin ya tsaya wata sabuwar siffa ta fara bayyana, ta arba'in da ɗaya. Injiniyan ya tuna a makon ne aka sabunta manhajar injin. Ashe sabuwar manhajar ta ɗauke lambar sinadari daga akwatin gwaji ta mayar da ita wani akwati da sabon suna, tsarin Yaya kuwa ya buɗe mata ƙulli daban ya ci gaba da ajiyewa. Ta kwance wancan, mutum ɗari da casa'in suka ƙaru. Kafin azahar ta tace jerin duka, ta fitar da waɗanda ba a sake yi musu gwajin da wani sinadari ba tun lokacin. Su tamanin da bakwai. Ta sa su a sama ta ja layi.

Mu shida muka zauna da wayoyi. Mutum na tara a jerina wani kafinta ne, na ji ƙarar zarto a bayansa.

"Baba, daga asibiti ne. Kana ganin jini idan ka goge baki?"

"Mako uku ke nan. Na ɗauka buroshin ne."

"Ajiye zarton nan, kada ka sha maganin yau, ka taho yanzu."

"Ina da ƙofar mutane a hannu, 'yata."

"Ƙofar za ta jira."

Ya zo da garin katako a gashinsa. Aka gwada shi, aka kwantar da shi nan take. Cikin kwana biyu mun sami mutum tamanin da biyar, an kwantar da sha ɗaya, duk sun tashi. Biyu kuwa da muka kira, 'yan'uwansu ne suka ɗauka. Sun rasu tun kafin wasiƙar ta zo, kuma ba wanda zai iya cewa maganin ne ko ciwon.

Na sauka na gaya wa Yaya, don na san za ta tambaya. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Wasiƙar ce ta makara, Yaya, ba ke ba," na ce.

"Na sani. Ba laifina ba ne. Amma lambobin suna nan wata biyar. Da akwai mai kwatanta sakamakon rukuni da rukuni, da an ga wannan yana karkata tun makon farko." Ta mayar da tabarau. "Za a kwatanta daga yanzu."

A watan ta sa lambar sinadari a fihirisa, ta rubuta wata 'yar manhaja da ke auna kowane rukuni da 'yan'uwansa duk Litinin, ta aika wa Agogo shafi ɗaya. Sau biyu tun lokacin shafin ya sa an janye sinadari kafin kowa ya rubuto wasiƙa.

Bara ta ce aikin da ke kan mutum ɗaya ba aiki ba ne, jingina ce. Ta nemi a ba ta mataimakiya, aka ba ta wata mata daga ɗakin magani wadda tsayuwa ta fara gagara saboda ciwon gwiwa. Yaya ta koya mata wata goma, ta rubuta komai a littafi mai bango ja, sannan ta ɗauki hutun wata guda cur, na farko tun da aka kawo injinan.

Na je gidan a mako na biyu, na tarar da ita a falo waya na gefenta. Malam ya ce, "Ƙanwa, zo ki duba mana wayar nan ko ta lalace. Sau goma a wuni ake ɗaga ta, ba ta yi ƙara ba."

"Ba wanda ya neme ki?" na tambaye ta.

"Ko mutum ɗaya."

"Kin ji haushi?"

"Kwana biyu na ji. Yanzu ina jin daɗi." Ta ture wayar ƙarƙashin matashi.

Ranar da ta koma, mataimakiyar ta tare ta da fargaba. Ta ce ta sauya wani abu. Ta lura ƙullin sunaye ya fi sauran jinkirin kwancewa, sai ta rage shi daga layi dubu zuwa ɗari biyar, ta gwada a tsohuwar kwamfuta mako guda kafin ta ɗora a babbar. Yaya ba ta ajiye jakarta ba, ta tsaya ta karanta abin da matar ta rubuta, layi-layi. Ta nemi suna uku. Ta sake neman wasu uku.

"Ya fi nawa sauri," in ji ta. "Kin rubuta a jan littafi?"

"Ban rubuta ba, Yaya. Na ce sai kin gani."

"Rubuta, ki sa sunanki da kwanan wata. In kin gama ki matso da kujerarki nan, ki nuna mini yadda kika gano."